Ina za mu ga sassaƙa da zane a fili idan mun zo Kano da babbar mota?

Malam, ka ce za ku zo hutu da iyali a motar da kuke kwana a ciki, kuna son ganin ayyukan sassaƙa a waje. Ka sani mutum-mutumi ba ya yawa a Kano, saboda addini. Gwanintar tana jikin gini: ƙofofin gari, zankwaye, da zanen dagi a bango.

Kada ka shiga cikin birni da motar. A lungunan Kurmi da Dala ba za ta juya ba, wayoyin lantarki kuma sun yi ƙasa, za su kama rufinta. Ka ajiye ta inda akwai mai gadi a unguwar Nassarawa, ku ɗauki adaidaita sahu biyu, a yi cinikin awa tun kafin a hau.

Ku fita ƙarfe 7 na safe. Ku fara da gidan tarihi na Gidan Makama, ginin zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, sai Ƙofar Kudu ta fada, inda ake neman izinin dogarai kafin ɗaukar hoto, sai marinar Ƙofar Mata, wadda aka kafa a 1498. Ranar Juma'a daga sha biyu hanyar fada takan cushe.

A ganuwa, hana yara hawa, musamman da damina: ƙasar ta jiƙa, tana zaftarewa. Ginin shataletalen gidan gwamnati na cikar jihar shekara 50 kuwa an rushe shi a 2023.