Kawuna ya hana a ba mahaifiyata mofin, wai yana ƙarasa mutum

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata ce ke fama da sankarar mama, ciwon ya riga ya bazu. An sallamo mu daga asibiti a Katsina da kwalbar mofin, maganin kashe zogi mai ƙarfi, aka ce nas ɗin asibitin unguwarmu a nan Daura za ta riƙa duba ta. Kawuna ya hana a ba ta, wai maganin ƙarasa mutum ne. Yau kwananta uku ba ta runtsa ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Sannu da jinya 'yata, Allah ya sa kaffara ne.

Ki kira nas ɗin yau ɗin nan, ta zauna da Kawu a zaure ta yi masa bayani, sannan a ba Inna maganinta. Wallahi wannan magana ta ishe ni, kusan kullum sai na ji ta. Mofin da aka sha bisa awon likita ba ya kashe mutum. Abin da ke faruwa, ba a yarda a ba majinyaci sai rai ya zo gargara. In ya cika bayan kwana biyu sai a ɗora wa magani, alhali ciwon ne ya kai matuƙa. Wasu kuma tun da aka hana sayar da sirof ɗin kodin a 2018 suke ganin duk mai kashe zogi kayan maye ne. Ina abin ya haɗu da tsohuwar da ke cizon zaninta cikin dare don kada jikoki su ji kukanta? Mai mota da lasifika ranar kasuwa, shi ba a tuhumarsa, sai a saya a shafa wa gyambo garin da ba a san mene ne ba.

Mofin na ruwan nan duk bayan awa 4 ake sha, da agogo, ba sai ciwo ya motsa ba. Za ta yi gyangyaɗi kwanakin farko, ya wuce. Bayan gida kuwa zai yi tauri, dole a haɗa da maganin sassauta ciki. Kada kowa ya ƙara awo da kansa. Likita ke rubutawa, nas ke bibiya tana kai masa rahoto. In numfashi ya ja baya sosai, ko aka kasa tashinta daga barci, a dakata a kira nas nan take.

Sauran aikin ita za ta nuna miki: wanke gyambo, barbaɗa garin Flagyl don wari, juya Inna duk awa 2 saboda ƙurajen kwanciya, jiƙa mata leɓe da auduga. Kwalbar kuma a kulle ta a akwati, makulli a hannunki.