Amsar Gwaggo: a gaya masa ko a rufe?

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce likita ya tabbatar miki ciwon marar nan endometiriyosis ne, mahaifiyarki kuma ta ce kada yaron nan ya ji sai an ɗaura, wai haka al'ada take. Sai da na yi murmushi: al'ada ke kwantar da ke duk wata, ga wata al'adar kuma tana so ta rufe miki baki.

Ba na ganin laifin mahaifiyarki. Tsoron gori take, kada dangin miji su fara kiranki juya tun kafin a kawo lefe. Amma kunyar da muka gada ita ce kada budurwa ta zauna tana zancen mararta a gaban surukai. Ba ta kai ga ɓoye wa mai neman aure lalura ba. In ba haka ba, me ya kawo bincike kafin sa rana? Me ya kawo gwajin jinin da ake yi yanzu? Abin da ya yi wa yarinya nauyi, gwaggo ke faɗa. Aikina ke nan.

Mu a Tudun Wada da muna 'yan mata, ciwon nan ba shi da suna. In kin murƙusa a ba ki jar kanwa ko tazargade, a ce sanyi ne, wata ta ce namijin dare, ƙarshe a ce in kin yi aure zai daina. Aure ba ya warkar da shi, haihuwa ma haka. Nama ne irin na shimfiɗar cikin mahaifa yake tsirowa a wajenta, kan ƙwai ko bututu, duk wata ya kumbura ya yi jini, jinin kuma ba hanyar fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu haila na da shi, wajen miliyan 190. Wasu haihuwa kan yi musu wuya, da yawa kuma suna haihuwa lafiya lau.

Ga abin da ya fi damuna. Ciwon kan sa zafi a shimfiɗar aure. Mijin da bai sani ba zai ɗauka gudunsa kike, ya kai ƙara, a taru a kanki da wa'azi. Wanda ya sani shi zai dafa miki ruwan zafi, ya tare miki uwarsa ranar da kika kasa tashi girki, kuma in likita ya rubuta ƙwayar tazarar haihuwa don rage ciwon, ba zai zarge ki da ƙin haihuwa ba.

In ya ji ya ja da baya, za ki yi kuka, ni ma zan taya ki. Gara a gidan ubanki.

Mahaifiyarki ki bar min ita. Ranar Asabar zan shigo Kawo, ki ajiye min takardun hoton da aka yi miki. Ranar komawarki asibitin Barau Dikko kuma tare za mu, ina da tambayoyi a kan aikin da suka ambata.