Ku Tambaya Mu Amsa: Iguwana a Tsibiran Karibiyan

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena da ke zaune a Amurka ya biya mana kuɗin tafiyar mako guda a jirgin ruwan shaƙatawa, ni da maigida da yara uku, babbansu shekararsa 11, auta kuma 4. Jirgin zai yada zango a St. Thomas da Nassau. Ya turo mini hoton wani abu kamar damo kwance a kan duwatsun bakin tasha, ya ce sunansa iguwana, wai cikin mutane suke yawo. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Damo ne? Suna cizo?
Wata uwa daga Samaru, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki. Ba damo ba ne, ko da yake duk dangin ƙadangaru ne. Damo da guza mafarauta ne, ƙwari da ƙwai da nama suke ci. Iguwana kuwa ganye da furanni da 'ya'yan itace ne abincinta, kuma babu ita a dazukanmu ko kaɗan. Wadda kika gani a hoton ita ce koriyar iguwana, asalinta daga Meziko har zuwa Birazil. Babban namiji yakan kai mita 1.5 ko fiye, amma kusan kashi biyu cikin uku na tsawon nan wutsiya ce. Ba ta da dafin da zai cutar da mutum, ba ta kuma bin mutum da faɗa. Sai dai in aka matsa mata, tana da makami uku: wutsiya da take tsula wa mutum, farata masu kaifi na hawan itace, da haƙora masu baki irin na zarto.

Kafin ta kai ga haka tana yin gargaɗi, kuma wannan ne ya kamata ki koya wa yaran tun kuna gida. Akwai wata fata da ke reto a ƙarƙashin haɓarta. In ta baje fatar nan, ta shiga gyaɗa kai da sauri, ta miƙe a kan ƙafafu ta juyo muku gefen jikinta, wutsiya tana motsi, to an yi kusa da yawa. A ja baya a hankali, kar a ruga, kar a yi ihu. Tazarar mita 2 ita ce dokar da hukumar gandun tsibiran Galapagos na ƙasar Ekwado ta kafa tsakanin baƙi da dabbobinta, kuma ita muke ba da shawara a ko'ina. Ga yaro, ki ce masa taku huɗu manya.

Kar wani ya sunkuya a kanta daga sama. A tsakiyar kanta akwai wani ɗan ido na uku, ba ya ganin siffa, amma yana gane inuwa, da shi take tsira daga shaho. Inuwar hannun yaro daga sama, a wurinta farmaki ne. Kada kuma ku tsaya tsakaninta da ruwa ko itacen da za ta gudu ta hau, domin gwanar iyo ce, in ta firgita can take nufa. Lokacin rani ne suke barbara, mazan sukan koma ruwan lemo, kuma sun fi saurin fushi a sa'ilin.

In kallo kuke so, ku sauka da wuri. Jikinsu ba ya ɗumama kansa, don haka da safe suke fitowa shan hantsi a kan duwatsu da katanga, a lokacin sun fi natsuwa. Rana na take tsaka sai su shige inuwa ko su haye rassa. Kafin ku shimfiɗa tabarma a gindin itace ku ɗaga kai, don kashinsu yakan zubo daga sama. Tunda an zo maganar itace: a gaɓar tekun yankin akwai wani mai suna manchineel, 'ya'yansa kore kamar ƙananan tuffa. Guba ne, ruwan jikinsa yana saɓule fata, ko fakewa a ƙarƙashinsa lokacin ruwan sama ba a yi. A wurare da yawa ana shafa masa jan fenti a gindi. Wannan itacen ya fi iguwana haɗari ga autarki nesa ba kusa ba.

Tambaya: Na ga bidiyo a Facebook, mutane sun sauka a wani tsibiri a Bahamas suna soka inabi a tsinke suna ba su. Yarana sun ƙwallafa rai. Mene ne aibin abin, tunda masu kai baƙin ne da kansu suke raba inabin?
Wani magidanci daga Tudun Wada

Amsa: Malam, a nan za mu tsaya maka da gaske: kada ku ba su komai. Wurin da ka gani jerin ƙananan tsibiran Exuma ne, waɗanda ke can kuma wani nau'in iguwanar duwatsu ne, wanda babu irinsa a duniya sai a 'yan tsibiran nan, kuma ba su da yawa.

Cikinsu an yi shi ne don ganye mai tauri da ke daɗewa kafin ya narke. Inabi sukari ne da ruwa. Masu binciken da suka kwatanta na tsibiran da baƙi ke zuwa da na waɗanda ba a zuwa sun tarar sukarin jinin na farkon ya fi yawa, gudawa kuma ta fi kama su. In aka jefa inabin a ƙasa, sai su haɗiye shi da rairayi, rairayin ya taru a hanji. Burodi da biskit da guntun nama sun fi wannan muni.

Ta ɓangarenku kuma, cizo kusan duk daga abinci yake farawa. Iguwanar da ba a saba ba ta abinci ba guduwa take yi in ta ga mutum. Wadda aka saba wa kuwa tunkarowa take yi, ba ta kuma bambance inabi da yatsan da ke riƙe da shi. Launi mai haske yana jan hankalinsu, don haka jan farce a yatsun ƙafa ma yakan sa su kai baki. A sa wa yara takalmi rufaffe, kar yaro ya sauka da kek ko ayaba a hannu, in kuma za ku ci abinci ku ci a kan tebur nesa da inda suke. Mai kwale-kwalen da ya miƙo muku inabi, ku ce masa kun gode. Hoto daga nesa ya wadatar, wayoyin yanzu suna jawo abu kusa.

Tambaya: In tsautsayi ya gitta ta ciji yaro ko ta yakushe shi, me za a fara yi? Akwai tsoron ciwon haukan kare?
Wata kaka daga Sabon Gari

Amsa: Inna, babu wannan tsoron, ciwon haukan kare dabbobi masu shayarwa ne kaɗai ke ɗaukarsa. Abin da ake gudu shi ne ƙwayoyin cuta su shiga raunin.

In ta kama ba ta saki ba, kar a fizge, fizgewar ce ke yaga fata. Yawanci da kanta take saki nan take. A danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. A wanke da sabulu da ruwa mai gudu na aƙalla minti 5, ruwan famfo ko na gora, ban da ruwan teku. A shafa aidin, a rufe da bandeji, sannan a wuce asibitin cikin jirgin a ranar, ko da raunin ƙarami ne, musamman in a hannu ne ko fuska ko kan gaɓa. Asibitin jirgi kuɗi ake biya, don haka a yi inshorar tafiya tun kafin a tashi, a kuma tafi da katin rigakafin yara. In an wuce shekara 5 da allurar tetanus ta ƙarshe, likita zai iya ƙara wata. Ja mai bazuwa, kumburi, mugunya ko zazzaɓi cikin kwana biyu zuwa uku alama ce rauni ya harbu.

Akwai kuma wanda ba ya nuna kansa da wuri. A 2023 likitoci sun ba da rahoton wata yarinya 'yar shekara 3 da iguwana ta ciza a bayan hannu a Kosta Rika, tana cin kek a bakin teku. Rauni ya warke, sai bayan wata biyar ƙullutu ya fito a wurin. Da aka bincika, sai aka sami ƙwayar Mycobacterium marinum, 'yar uwar ta tarin fuka, wadda maganin da aka saba bayarwa bayan cizo ba ya kashe ta. Saboda haka in kun dawo Zariya wani ƙullutu ya taso, ko bayan watanni ne, ku je asibitin koyarwa na Shika ku faɗa wa likita a fili cewa iguwana ce ta ciji wurin, da ƙasar da abin ya faru. In ba a faɗa ba, babu abin da zai kai tunaninsa can.

Wanda ya fi cizo yawan faruwa shi ne kamuwa da ƙwayar cutar salmonela. Tana cikin hanjin iguwana ba tare da ta cutar da ita ba, tana fita a kashi, ta manne a fatarta da duwatsun da take kwanciya. Yaro ya dafa dutsen, ya kai hannu baki, shi ke nan. Gudawa da zazzaɓi da murɗawar ciki sukan fara daga awa 6 zuwa kwana 6. A wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 kafin a ci komai, yaran da ba su kai shekara 5 ba kuma kar a bari su taɓa ta sam, har da wadda masu ɗaukar hoto ke ɗora wa baƙi a kafaɗa don kuɗi. In gudawa ta fara, a soma ba da ruwan gishiri da sukari, a kai wa likita.

Tambaya: Ni malamin kimiyyar halittu ne, jirginmu zai tsaya awa bakwai a Grand Cayman. Zan iya ganin shuɗiyar iguwana in dawo a kan lokaci?
Wani malami daga Kongo

Amsa: Za ka iya, Malam, kuma ta cancanci wahalar. A wannan tsibirin kaɗai take. A 2002 waɗanda suka rage a daji ba su fi 25 ba, karnuka da kyanwoyi da motoci da saran daji sun kusa ƙarar da su. Aka dage da kiwonsu ana sakewa, har a 2018 aka saki ta 1,000. Korayen da za ka gani a gefen titi baƙi ne da suka mamaye tsibirin, har gwamnati ta fara rage su a Oktoban 2018, an kashe sama da miliyan guda. Hanyar bambancewa mai sauƙi ce: koriyar tana da babban ƙwanso zagayayye a kumatu da baƙaƙen zobba a wutsiya, shuɗiyar ba ta da su, idonta kuma ja ne.

Ka nufi lambun Queen Elizabeth II Botanic Park, tafiyar minti 40 zuwa 45 a mota daga George Town, babban birnin tsibirin. A can manyan jirage ba sa kai wa gaɓa, ƙananan jirage ne ke jigilar fasinja, don haka ka ware minti 30 zuwa awa guda na layi, zuwa da dawowa. Ka saita agogonka da lokacin jirgi, domin waya takan koma lokacin gari da kanta, su kuma biyun ba kullum suke daidai ba. Ka lissafa yadda za ka iso tasha awa guda kafin ƙaramin jirgi na ƙarshe. In ta hannun kamfanin jirgin ka yi rajistar fitar, za su jira ku. In tasi ka ɗauka da kanka ka makara, tafiya za su yi su bar ka.

Tambaya: An ce ana sayar da 'ya'yansu da araha. Zan iya sako ɗaya a jaka in kawo gida in yi kiwo?
Wani matashi daga Ƙofar Doka

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Iguwanar duwatsu duka suna rukunin farko na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, wato an haramta cinikinsu tsakanin ƙasashe, koriyar kuma tana rukuni na biyu, ba ta tsallake iyaka sai da takardar izini. Najeriya na cikin yarjejeniyar. Jami'an jirgin ma suna duba kowace jaka a ƙofar shiga, in aka kama ka akwai tara, har da ɗauri a wasu ƙasashen. Ko da ta iso, wannan 'yar mitsitsiyar cikin 'yan shekaru za ta zarce mita guda, tana kuma iya rayuwa shekara 15 zuwa 20. Dabbar daji mai laima ce, busasshiyar iska da sanyin asubar hunturun Zariya sukan hana ta saɓa yadda ya kamata su kuma kashe mata cin abinci, in kuma ba ta samu isasshiyar rana da sinadarin kalsiyam ba, ƙasusuwanta laushi suke yi har muƙamuƙi ya lanƙwashe.