Tambaya da Amsa: Gidan da Helen Keller ta tashi, da abin da ke cikinsa

Tambaya: Ni malama ce a Yamai, ina koyar da yara makafi. Ɗiyata tana aure a Atlanta, ina da niyyar kai mata ziyara in Allah ya yarda. An ce mini gidan da aka haifi Helen Keller yana nan har yanzu. Yana da nisa daga can? Me zan tarar, kuma yaushe ya fi dacewa a je?

Amsa: Malama, Allah ya kai ki lafiya. Gidan yana nan, sunansa Ivy Green, a garin Tuscumbia da ke arewa maso yammacin jihar Alabama. Kakannin Helen, marubuciyar Amurka da ta tashi makauniya kuma kurma, su ne suka gina shi a 1820, aka haife ta a nan ranar 27 ga Yuni 1880, kuma tun 1954 aka mayar da shi gidan tarihi.

Kafin maganar hanya, a fara da biza. Tun 2025 Amurka ta tsananta wa masu fasfon Nijar, saboda haka kada ki biya kuɗin jirgi sai kin tabbatar da halin da ake ciki daga ofishin jakadancinsu. Idan wannan ta warware, daga Atlanta tafiyar mota ce ta awa huɗu zuwa biyar. Tuscumbia ƙaramin gari ne, jirgin ƙasa na fasinja ba ya tsayawa, kuma ba irin Yamai ba ce da za ki ɗaga hannu taksi ya tsaya. Ko dai surukinki ya tuƙa ki, ko ku hau jirgi zuwa Huntsville ku yi hayar mota, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci. Agogon Alabama yana bayan na Atlanta da awa ɗaya, ki lura da wannan wajen lissafin isa. Ana buɗewa Litinin zuwa Asabar, a rufe da la'asar, don haka a bar Lahadi. Ana biyan kuɗin shiga, da dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba.

Kada ki sa ran ganin fada. Gida ne na katako mai farin fenti, zaure a tsakiya, ɗakuna huɗu a ƙasa, kowanne da murhun jin ɗumi, sai 'yan ɗakuna a bene. Awa ɗaya da rabi ta isa a zagaya. A ciki akwai kayan iyalin, da littattafanta na rubutun makafi, da keken rubutunta. A bene za a nuna miki ɗakin da Helen ta taɓa kulle malamarta Anne Sullivan ta ɓoye makulli, har sai da aka kafa tsani aka fito da ita ta taga. Ɗakin girki a waje yake. Gidan gona ne da bayi suka yi wa aiki kafin yaƙin basasar Amurka, kuma mahaifinta kyaftin ne a sojan Kudu a wannan yaƙin, wannan ma yana cikin tarihin wurin.

Abu biyu ne za ki daɗe a kansu. Na farko ƙaramin ɗakin da ke gefen babban gida, inda aka haife ta. Nan Anne ta keɓe da ita na kusan mako biyu, domin iyayen sun saba ƙyale ta ta yi abin da ta ga dama, har ta riƙa tsoma hannu a kwanon kowa. Na biyu famfon tuƙa-tuƙa, baƙin ƙarfe, a tsakanin gine-ginen biyu, an yi masa rumfa. A nan ne ranar 5 ga Afrilu 1887 Anne ta sa hannun yarinyar ɗaya ƙarƙashin ruwa, tana rubuta mata w-a-t-e-r, wato ruwa da Turanci, a ɗaya tafin, har ta gane cewa kowane abu yana da suna. Kafin dare ta riƙe kalmomi 30.

Game da lokaci, a ƙarshen Yuni garin yana bikin tunawa da ita, kuma a Yuni da Yuli ana yin wasan kwaikwayon The Miracle Worker na William Gibson, labarin Helen da Anne, da dare a filin gidan, a ƙarshen mako. Sai an sayi tikiti tun da wuri. Amma lokacin zafi ne mai gumi irin na tsakiyar damina, ga cunkoso. Mai son ta tsaya ta yi tambayoyin aikinta a natse, Afrilu ko Oktoba sun fi. Kabarinta ba ya can: ta rasu a 1968, tokarta tana babbar majami'ar Washington, kusa da ta Anne.

Tambaya: Daga Tawa nake. Jikana ɗan shekara huɗu ya yi sanƙarau, ya tashi ba ya ji, ganinsa ma ya ragu ƙwarai. Idan muka kai shi famfo muka yi yadda aka yi wa wannan baturiya, zai gane?

Amsa: Baba, Allah ya ba shi lafiya, ya ba ku ladan jinya. Ita ma ciwo ne ya kama ta tana wata 19, kuma likitocin yanzu suna zaton sanƙarau ne ko wani zazzaɓi mai fesowar ƙuraje. Amma labarin famfo yana ruɗin mutane. Anne ta iso ranar 3 ga Maris, famfo kuma 5 ga Afrilu, wato wata guda cur tana rubuta mata kalmomi a tafin hannu, yarinyar tana kwaikwaya ba tare da ta san ma'ana ba. Har moɗa da ruwa ta riƙa haɗa su wuri ɗaya, tun da tare suke zuwa bakinta. Kuma kafin zuwan Anne, Helen tana da alamu fiye da 60 da ta ƙirƙira da mutanen gida.

Ku fara da asibiti, a auna kunne da ido, domin yawancin irin yaran nan suna da sauran ji ko gani, kuma a kansa ake gini. A gida, kowa ya samu alamarsa da yaron zai shafa ya san shi: ku zobe ko gemu, uwarsa awarwaro. A taɓa kafaɗarsa kafin a ɗauke shi, kada a fizge shi ba zato. Ku zaɓi abu biyar kacal na kullum, kowanne da kayansa: ludayi na fura, buta ta wanka, takalmi na fita, tabarma ta barci, moɗa ta ruwa. A miƙa masa kayan ya shafa, a yi alamar a hannunsa, nan take abin ya biyo baya. Ku sa hannunku ƙarƙashin nasa ya bi motsinku. In aka damƙe hannun yaro ana juya shi da ƙarfi, zai fara janyewa, alhali da hannun nan yake gani.

Inda ake yawan ɓata aikin shi ne kowa ya zo da tasa alamar, kaka daban, yaya daban, ko a sauya wa tabarma da randa wuri kullum. Tun da sai da ya kai shekara huɗu yana ji, Hausa tana kansa. Ku ɗora yatsunsa a leɓenku da maƙogwaronku kuna magana, ku bar shi ya amsa da baki. Rubutun makafi mai ɗigo shida zai zo daga baya, kuma makarantar makafi ta Soli Abdourahamane da ke Yamai tana koyar da shi. Idan za ku je wurinsu neman shawara, ku tafi da takardar awon asibitin.