Tambaya da Amsa: Soket a jikin akwatin kayan aiki mai taya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Ni bakanike ne a Kurmin Mashi nan Kaduna, ina da akwatin kayan aiki na ƙarfe mai taya huɗu da aka haɗa min a Panteka, shi nake turawa daga wannan mota zuwa waccan. Wayoyi ne suka ishe ni wallahi, giranda da injin huda da cajar batir kowanne da nashi ekstenshan a ƙasa, yaran shago sai tuntuɓe suke. So nake in ɗaura soket kamar huɗu a jikin akwatin, waya ɗaya kawai ta tafi bango, har injin walda in riƙa jonawa a nan. Ya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, sannu da aiki. Dabarar ta yi, amma ka tuna akwatin nan ƙarfe ne kuma da hannu biyu kake kama shi, wani lokacin hannun da gumi, da damina kuma ƙasan garejin a jiƙe, in waya ta ɗan fere ta taɓa jikinshi to gaba ɗaya akwatin ya ɗauki wuta volt 230, kai ne hanyar da za ta bi ta sauka ƙasa. Wannan shi ya fi damuna, ba yawan soket ba.

Don haka waya mai ƙwaya uku za ka saya, mai laushin nan da ke lanƙwasuwa, ba mai tauri ta cikin bango ba don ita da an yi ta ja da turawa take karyewa daga ciki. Ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce nutural, mai kore da rawaya kuma ita ce atin, wato wayar da ke kai wuta ƙasa in ta zurare, wadda mutanenmu ke yankewa su yar wai ba ta da aiki. Dan Allah kar ka yar. Ka kankare fenti a jikin akwatin har farin ƙarfe ya fito, ka huda, ka ɗaure wayar atin ɗin da noti da washa tam, sannan ta wuce zuwa kowane soket. Sai ka sa mai wayarin ya gwada soket ɗin bangon ma, don sau da yawa ramin atin yana nan amma babu komai a bayanshi.

Na biyu ka nemi RCD mai 30mA, wasu masu shago ELCB suke ce mishi, a sa shi tun daga bango kafin wayar ta taso, saboda ita kanta wayar da ke jan ƙasa ta samu kariya. Fis da bireka waya suke karewa kar ta ƙone, shi kuwa RCD mutum yake karewa, da wuta ta fara zurarewa ta wani wuri zai katse nan take. Akwai ɗan maɓallin gwaji a jikinshi, ka riƙa dannawa lokaci lokaci, a gwada shi a kan wutar janareta ma.

Kaurin waya kar ya gaza 1.5mm, in da nisa sosai 2.5mm, kuma ta jan ƙarfe zalla. Akwai ta bogi a kasuwa, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ka ɗan kankara ƙwaya ɗaya da wuƙa tun a shagon, in fari ya fito ka ajiye musu kayansu. Inda wayar za ta ratsa ƙarfe a sa zoben roba a ramin, a kuma maƙale ta daga ciki yadda in an fizge ta ba sukurun soket ne za su ɗauki jan ba. Soket ɗin su zauna cikin akwatinsu a gefe, ba a sama suna kallon rufi ba, don garin ƙarfen giranda da baƙin mai za su cika ramukan. Masu murfi sun fi.

Sai lissafi. Soket huɗu ba ya nufin wuta ta ninku huɗu, duk ta filogi ɗaya suke sha, mai fis amp 13, wato wajen watt 3,000 ke nan gaba ɗaya. Ƙaramar giranda mai inci 4.5 tana cin 700 zuwa 900, ita da injin huda da caja ba matsala, amma babbar mai inci 9 ita kaɗai tana kai 2,000 ko fiye. In fis ya ƙone a sa wani mai 13, banda cusa ƙusa ko zaren waya. Kuma in za ka yi aiki mai nauyi ka warware wayar duka daga maratayinta, a naɗe zafi take tarawa har robar ta narke.

Injin walda kam a'a Malam, a ja mishi layinshi daban da birekarshi. Kuma kar ka taɓa yin walda a saman akwatin yana jone da bango, wutar waldar na iya bi ta siririyar wayar atin ɗin nan ta ƙone ta ba ka sani ba.