Nonon raƙumi zai iya maye wa ɗana madarar saniya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Ina zaune a Shara Mansur, Makka. Ɗana wata takwas gare shi, mama yake sha. Ran nan na ɗanɗana masa laban, wato kindirmon Larabawa, cokali biyu, ba a jima ba leɓensa ya kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu kamar borin jini, ya yi amai. Likita ya ce jikinsa ba ya karɓar madarar saniya. Surukata ta ce a koma nonon akuya ko na raƙumi, maƙwabciyata kuma ta ce in sayi madarar da aka cire wa laktos. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya. Kada ki bi ko ɗaya tukuna.

Maƙwabciyarki ta haɗa ciwo biyu ne. Akwai masu kumburin ciki da gudawa in sun sha madara, don cikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikinta, wato laktos. Su ne waccan madarar take yi wa amfani. Na ɗanki daban ne: garkuwar jikinsa ce take ɗaukar furotin na madara tamkar abokin gaba, ta far masa. An cire sukarin, amma furotin ɗin yana nan daram a kwalin.

Nonon akuya da na tunkiya kuwa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Furotin ɗinsu ya yi kama da na saniya ƙwarai, yawancin yara masu wannan lalura shi ma yana tayar musu. Na raƙumi ya ɗan bambanta, a nan Hajiya surukarki ta yi gaskiya, amma ba a gwada shi a gida, kuma yaron da bai shekara ba bai kamata nonon dabba ya zama abin shansa ba. Balle ɗanyensa da ake tatsa a bakin hanya, wanda likitoci suke jan kunne a kai tun da cutar numfashi ta MERS ta ɓulla a nan Saudiyya a 2012. Ki faɗa wa Hajiya cikin ladabi, ko ki bar mai gidan ya faɗa mata. Daga bakin ɗanta zai fi shiga.

Ki ci gaba da ba shi mama. In ana buƙatar ta gwangwani, akwai wadda aka farfasa furotin ɗinta, likita ne zai rubuta miki.

Inda na fi jiye miki shi ne gidan biki da hannun 'yan'uwa masu "ɗan ɗanɗana masa". Fura da nono kowa ya sani, amma a abincin Larabawa, salik da madara ake dafa shi, ma'asub yana shan ƙishɗa (wato kirim ɗin madara), kunafa da basbusa ba su rasa man shanu ko cuku. Biskit ma ki juya bayan leda ki duba ko an rubuta halib, laban, zubda ko jubna, wato madara, kindirmo, man shanu da cuku da Larabci. Duk wanda zai riƙe miki shi, ki gaya masa ƙarara.

Tun da leɓe ya taɓa kumbura, ki tambayi likita ko ya kamata ki riƙa yawo da allurar adrenalin, ya kuma nuna miki yadda ake soka ta a cinya. Ranar da kika ji numfashinsa yana ƙugi, ko harshe ya kumbura, ko ya yi laƙwas, ki yi masa allurar nan take, ki kira motar asibiti a 997. Maganin ƙaiƙayi ba ya tsayar da wannan.

Da yawa daga cikin yaran suna rabuwa da abin kafin su isa shiga makaranta. A asibiti ake gwadawa a gani, gaban likita.