Filin Tambayoyin Direbobi: Birkin da Ya Ƙi Saki

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni direban tirela ne, ina jigilar hatsi da taki tsakanin Kaduna da kudu, kuma motata mai birkin iska ce. Tun shigowar damina na lura idan na taka birki na saki, motar takan yi nauyi, tana kuma shan gas fiye da yadda na saba. Kwanan baya da na tsaya a Mararrabar Jos, yaron motata ya nuna mini tayar baya ta hagu tana hayaƙi da ƙauri. Muka zuba mata ruwa, wani bakanike ya sassauta ajasta, aka samu sauƙi, daga baya kuma abin ya dawo. Yanzu wannan ya ce in canza busta, wancan ya ce bawul ne. Wanne zan saya? Daga wani direba a Rigasa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Abu biyu ne suka fi riƙe birkin iska: ko iskar da ta shiga busta, wato gwangwanin da iska ke shiga ta matse birki, ta rasa hanyar fita, ko ƙarfen da ke cikin ƙafar ya cije. Gane wanne ne daga cikinsu ba ya buƙatar kuɗi, sifana kawai da mutum biyu sun isa.

Idan ka taka feda, iska tana shiga busta ta tura sanda, sandar ta tura ajasta, wato hannun da ake saita birki da shi, ajasta ta murɗa wani ƙarfe da ake kira kam, kam kuma ya buɗe shu biyu, wato takalman birki, su manne da durom, wato gangar da ke juyawa tare da taya. Idan ka saki, bawul yana fitar da iskar, ƙananan sifirin su janyo shu ɗin baya. A bustar baya akwai kuma wani ƙaton sifirin na hambirki wanda iska ce ke danne shi, kuma da zarar ta ragu sai ya fara matse birkin da kansa. Manyan motoci suna aiki ne da iskar da ƙarfinta ya kai bar 7 zuwa 8 ko fiye a ma'aunin matsin iska, saboda haka ka fara duba agogon iskarka. Idan allurar tana sauka wajen bar 5 kana cikin tafiya, to hambirki ne ke kamawa a hankali, kuma yoyon iska ko raunin kwamfureso, wato injin da ke tara iskar, za ka nema.

Yawan ƙafafun da suka yi zafi shi ne shaida ta biyu. Idan duka ne, a zargi bawul ɗin da ke ƙarƙashin feda, domin ƙasa da tsatsa kan hana fedar komawa sama gaba ɗaya. Idan tayoyi biyun da ke kan aksul ɗaya ne, a zargi bawul ɗin da ke raba musu iska. Idan bodin tirela ne kawai, a bi tiyo biyun da ke haɗa shi da kan mota, ko ɗaya ya lanƙwashe. Kai kuwa ƙafa ɗaya ka ambata, kuma wannan ya fi karkata ga ƙarfe, ko da yake tiyon da ya murƙushe ta ciki ko robar ɓangaren hambirki na busta da ta huje suna iya jawo hakan.

Ga gwajin da zai raba gardama. Ka ajiye motar a wuri mai baje, a sa weji gaba da baya, a cika iska, a sauke hambirki. Yaronka ya taka birki ya saki, kai kuma ka zuba wa sandar bustar ido, kana kwatanta ta da ta ɗaya ɓarin. Sanda mai lafiya tana komawa nan take. Idan taka ta tsaya ko tana jan jiki, bakanike ya sassauta tiyon birkin feda, ba na hambirki ba, a bakin bustar sannu a hankali. Idan iska ta fito da ƙarfi sandar ta koma, to iskar ce ta maƙale, laifin yana ga tiyo ko bawul. Idan babu iskar da ta fito kuma sandar tana nan yadda take, a zare fin ɗin da ya haɗa ta da ajasta, a gwada motsa ajastar da hannu. Idan ta ƙi motsi, an kama ɓarawon a cikin ƙafa, busta ba ta da laifi.

A irin hanyoyinmu, abin da na fi zargi shi ne sandar kam ta bushe a cikin bushinta. Ƙurar hunturu tana cakuɗewa da tsohon giris ta daskare, damina ta zo da ruwa da taɓo, tsatsa ta ƙarasa aikin. A cire durom, a zare kam ɗin a goge shi, a canza bushi idan ya ci, a duba sifirin da ke janyo shu ko ya karye ko ya saki, a tsabtace fin da rola. A duba kaurin layinin, wato abin da aka manna a jikin shu yake gogar durom, domin idan ya cinye sosai kam yana iya juyawa ya wuce iyaka ya kasa dawowa. A duba sil ɗin ƙafar kuma, wato robar da ke hana mai tsiyaya, saboda man da ya tsiyaya kan layinin yana sa birki fizga da mannewa, kuma irin wannan layinin ba ya wankuwa, sai dai a canza. Duk abin da za a canza a ƙafar hagu a canza irinsa a ta dama, don kada motar ta riƙa ja gefe. Kafin a rufe a girgiza tayar a ji boris, domin shi ma yana sa zafi har a ɗora wa birki laifi.

Abubuwa biyun da aka yi a Mararraba ba su kwanta mini a rai ba. Zuba ruwa a kan durom mai zafi yana iya tsaga shi ko ya karkatar da shi, kuma tayar da ta sha irin wannan zafi tana iya fashewa ko bayan motar ta tsaya, don haka a matsa nesa a bar ta ta huce da kanta, da abin kashe gobara a kusa. Sassauta ajasta kuma rage birkin ƙafar ne kawai, ba magani ba. A busta mai lamba 30, wadda ta fi yawa a manyan motoci, bai kamata sandar ta fita fiye da inci 2 ba idan an taka birki sosai. Akwai masu toshe tiyon ƙafar gaba ɗaya su ci gaba da ɗaukar kaya, kuma wannan ganganci ne da rayukan mutane, musamman ga mai ratsa cunkoson Kawo da Tafa. Ina kuma roƙonka kada ka bari kowa ya buɗe ɓangaren hambirki na busta, domin sifirin da ke ciki yana iya kashe mutum idan ya kuɓuce. Ana ɗaure shi ne da ƙusarsa ta musamman, a cire bustar ɗungurungum a sa wata.

Idan gwaji ya nuna iska ce, to kafin ka nufi kasuwar Panteka sayen bawul ka buɗe ƙasan tankunan iska ka ga abin da zai zubo. Ruwa yana nuna matatar da ke busar da iska ta gaji, baƙin mai kuma yana nuna kwamfureso na tura mai cikin layi, kuma sabon bawul ma zai toshe idan ba a gyara wannan ba. Tsiyaye tankunan kullum, musamman a lokacin damina, aikin yaron mota ne da ya kamata ka riƙa bibiya da kanka.

TAMBAYA: Malam, tawa ƙaramar motar kaya ce mai amfani da man birki, kuma ƙafar gaba ce ke riƙewa idan ta yi zafi. Daga wani mai kai kaya kasuwar Kawo.

AMSA: Ka ɗaga ƙafar da jak lokacin da take riƙe, a sassauta nonon da ake fitar da iska ta cikinsa. Idan mai ya yi tsartuwa tayar ta saki, to tiyon roba ya lalace ta ciki yana hana man komawa, ko kuma masta, wato famfon da feda ke tura man birki da shi, ce ta toshe, musamman idan fedar ba ta da ɗan wasa a sama. Idan ba ta saki ba, fistin ko fin ɗin kalifa, wato ƙarfen da ke matse birkin a kan faifan taya, ne suka yi tsatsa. Ka tabbatar ba a taɓa zuba man inji a tankin birkin ba, domin yana kumbura robobi, kuma idan hakan ta faru dole a canza su duka, a wanke layin, a zuba irin man da aka rubuta a murfin tankin.